Katin Koren Tawada

Partick, Glasgow
Ranar Lahadi

Zuwa ga Morven, ranata a garin da rana ke yi wa rowa, ɗumin hannuna a tashar bas, sanyin idona, wadda tafiyarta ta fi kogin Kelvin natsuwa bayan an ɗauke ruwa.

Yau kwana tara ba ki ɗaga wayata ba. Na san dalili, duk unguwar nan ma ta sani, shi ya sa na zauna da alƙalamin nan mai koren tawada, shi da ya ja mini wannan masifa, ko zai iya fitar da ni daga cikinta.

Kin san al'adar shagonmu, amma bari in tuna miki, don a cikinta hujjata take. Duk safiyar Alhamis, kafin a buɗe ƙofa, Ishbel mai shagon takan zare sababbin faya-fayan mako daga kwalayensu, ta liƙe takarda a kan sunayen, ta ɗora mana su a garmaho ɗaya bayan ɗaya. Mu saurara ba mu san na wane ne ba, kowa ya rubuta ra'ayinsa a ɗan kati, ran Juma'a ita kuma ta maƙala katin a jikin faifan. Ta ce a garin da duk wanda ya shigo sayen faifai yana da ƙungiyar kiɗa, ko ƙanensa na da ita, in ba a rufe suna ba, babu mai faɗin gaskiya. Shekara shida ina alfahari da wannan tsari kamar ni na ƙirƙiro shi.

Wancan makon kuwa, masoyiyata, mako ne na tashin zuciya. Faifan farko wasu samari ne huɗu suna raɗa a kan jita, kamar masu tsoron tada jariri daga barci. Na biyu wani bawan Allah ne da ya shige bukka a daji ya yi minti arba'in yana kukan budurwar da ta bar shi, kafin waƙa ta uku na riga na koma bayan budurwar. Na uku 'yan kiɗan rok ne masu ihun juyin juya hali da muryar wanda aka taka wa yatsa a cikin bas. Duk gangarsu ɗaya, duk baƙin cikinsu ɗaya, duk an wanke su an goge su har ba sauran ɗanɗano. Ina mutanen da suke waƙa don wani abu ya tokare musu maƙogwaro? Shayina ya huce a hannuna, raina kuma ya ɓaci.

Sai faifai na huɗu. Mace ce, amma an bi muryarta da na'ura an daddanne duk wani tudu, an cike duk wani rami, an ninka ta sau goma har ta zama kamar sanarwar tashar jirgin ƙasa. Wannan ya fi sauran ƙona mini rai, domin waƙoƙin da kansu ba su da laifi, kashe su aka yi aka shafa musu hoda. Na ja kati na rubuta abin da kika karanta: wannan faifai ruwan wanke-wanke ne da aka zuba wa turare, kuma ba zan zargi mawaƙiyar ba, domin ban yarda akwai ta ba.

Faifan nan naki ne, Morven. Ke ce fa kika ce mini sai watan gobe faifanki zai fito! Ke ce kika hana ni jin ko baiti ɗaya tun da kika dawo daga Landan, kika ce kin san bakina. Ashe ba-zata kika shirya mini. Ran Juma'ar ina kwance a kujerar likitan haƙori, baki buɗe, lokacin da kika shigo shagon riƙe da hannun mahaifiyarki don ki nuna mata sunanki a kan kanta. Ishbel ta ba ni labari tsaf, har da abin da ban so ji ba. Ta ce mahaifiyarki ta gyara tabarau ta ce, "Wannan ba rubutun yaron nan ba ne mai zuwa cin abincinmu ran Lahadi?" Ke kuwa sai kika cire katin kika zura a aljihun kwat ɗinki kika fita. Na tambayi Ishbel me ya sa ba ta ɓoye katin ba, ita da ta san na wane ne. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, shekara shida kana yanka 'ya'yan mutane ban ɓoye ba, sai yau da wuƙar ta zo gidanka?"

Abokaina sun ce in rubuta sabon kati, in ce na sake saurara na gane kuskurena. Na sake saurara, Morven, sau bakwai. Ba zan yi miki ƙarya ba ko da ita ce za ta dawo mini da ke: faifan nan bai yi ba. Ƙyamar da nake ji tana nan, sai dai yanzu na san inda za ta sauka. Ina ƙyamar mutumin nan na situdiyo da ya ji muryarki ya ɗauka gyara take buƙata. Ina ƙyamar kamfanin da ya ce haka ake yayi. Fiye da su duka ina ƙyamar kunnena, kunnen da nake taƙama da shi a gari, wanda ke gane tarinki a cikin mutum ɗari, ya zauna minti talatin da takwas tare da ke bai gaishe ki ba.

Kin tuna safiyar nan a kicin ɗinki, kina fama da mura, kina soya ƙwai cikin rigar sanyina mai ɓulalliyar gwiwar hannu? Ruwa na dukan taga, buta na fito a kan wuta, kika fara wata waƙa da ba ki gama haɗa kalmominta ba. Da kika hau sama muryar ta tsage, kika yi 'yar dariyar nan taki ta hanci, kika ci gaba. Wallahi ba tsuntsun da ya taɓa tsayar da ni a hanya kamar yadda tsagewar nan ta tsayar da ni. Wa ya ba su izinin ɗinke ta? Wa ya ce musu tabo ce? Tun ranar nake neman wannan sautin a duk faifan da aka ɗora mini, shi ya sa ma na zama mai wuyar sha'ani.

Ba na roƙon ki yafe mini abin da ke gaban katin. Abu ɗaya nake roƙo, ya fitilar hunturuna. Kin san ni da surutu, kati bai taɓa isa ta ba, kullum sai na zarce zuwa bayansa. Ishbel ta ce ba ki juya shi ba. In ba ki jefa shi a Kelvin ba, yana nan a aljihun hagu tare da tikitocin bas. Ga abin da ke bayansa, na haddace shi: a ƙarshen waƙa ta bakwai, bayan kiɗa ya mutu, an manta ba a goge wata 'yar dariya ba, daƙiƙa uku kacal, ita kaɗai ce mai rai a duk faya-fayan makon nan, kuma duk wadda ta yi ta, in za a sakar mata muryarta, zan tsaya cikin ruwan sama in saurare ta har tsufana.

Da na rubuta wannan sai kunya ta kama ni. Na yini ranar Alhamis ban iya haɗa ido da ke ba, har kika tambaye ni ko haƙorin ne. Ba haƙori ba ne. Na ɗauka na ci amanarki ne da wata baƙuwa, don zuciyata ta buga mata irin bugun da ke kaɗai take yi wa.

Sau biyu ke nan ina faɗawa son ki, na biyun ma an liƙe takarda a kan sunanki. In an sake rufe shi sau dubu, can dai zan sake faɗawa. Ki sa hannu a aljihu, Morven, ki juya katin.

Naki, da kunnensa mai laifi da zuciyarsa da ba ta taɓa kuskuren ki ba, yau da gobe har ƙasa ta rufe ido,

Fergus