Abin da Na Gani a Takardar Tartsatsi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fata wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ciwon bayan nan naka? Allah ya sa kaffara ne, ya kawo sauƙi mai ɗorewa. Mu nan muna nan yadda ka bar mu, sai abin da ba a rasa ba. Shekaranjiya na leƙa Inna, ƙafar ta ɗan saki, har na tarar tana yi wa kaji faɗa a tsakar gida, ka kuwa san in Inna ta fara faɗa to lafiya ta samu. 'Yan matan suna zuwa makaranta, ƙaramar ta zubar da haƙoran gaba biyu, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Maganar ce ba ta waya ba. Tun da idon Maigidan ya tafi kunnensa ya ƙara kaifi, allura in ta faɗi a ɗaki sai ya ce an yar da wani abu, gidan kuwa ka san shi, ɗaki biyu ne da baranda, babu lungun da zan tsaya in yi magana bai ji ba. Makon jiya da ka kira kana tambayar wane fanni ɗanka na wajena, Tartsatsi, ya ɗauka a cibiyar koyon sana'a, na yi ta kame-kame na ce layi ba kyau. Layi lafiyarsa ƙalau, Yaya. Bakina ne ya yi nauyi.

Bari in faro maka daga idon, don ka ji labari ne kawai, ba ka ga inda abin ya kai ba. Na hagu, shekara huɗu ke nan da ɓarɓashin ƙarfe ya tashi daga injin gurza ya shige shi, ya mutu murus. Na dama kuwa likita ya ce hasken walda ne ya yi ta cin sa a hankali, shekara ashirin da shida. Yanzu yana bambance rana da inuwa, in mutum ya gifta ya san an gifta, iyakarta ke nan. Ka tuna yadda yake aiki: baƙin tabarau na 'yan gayu a fuska, in kuma ɗan ɗigo zai yi don ƙarfe biyu su kama juna, ko tabarau ɗin ba ya sawa, sai ya runtse ido ya ɗana, wai ai ɗan kaɗan ne. Sau nawa ya wayi gari ido jajur kamar an zuba masa yashi, ina ɗiga masa madarar gwangwani ina masifa? Garkuwar fuskar nan mai baƙin gilashi da ka aiko masa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, sau ɗaya ya gwada ta. Ya ce nauyi, ya ce zafi, ya ce masu shagon kusa za su ce zai tafi duniyar wata. Ya mayar da ita cikin ledarta ya tura akwati ƙarƙashin gado. A lokacin kullum sai na ce masa in ka ƙi ji ba ka ƙi gani ba. Yau ko da wasa ba na iya furta wannan karin maganar a gidan nan.

Tun da ya rufe shago ni na zama idonsa. Duba min, duba min, a yini sai ya faɗa sau talatin. Duba min rigar nan ko da datti, duba min wa ke sallama, duba min maganin nan sau nawa aka ce a sha, duba min ko hadari ne ya taso. Har tsokanata yake yi, wai da ya san haka za ta faru da ya auri mai dara-daran idanu. Ni kuma in ce ai da ya sa garkuwa da bai ɗauke ni aikin da ba albashi ba. Muna yi muna dariya. Ban san wannan duba min ɗin ita ce dukiyata ba sai yanzu.

Da yaron ya gama sakandare aka ba shi gurbi a cibiyar. Tsarinsu, sai sabbin ɗalibai sun yi mako biyu suna zagaya fannoni, kowanne su taɓa, sannan a ba su takarda su zaɓi ɗaya, uba ya sa hannu. Fannoni huɗu ne: kanikancin mota, aikin kwano, walda, da feraye ƙarfe, wato injin nan da ke juya ƙarfe ana fere shi har ya zama kusa ko wani abin cikin inji. Maigidan tun kafin a kawo takardar ya yanke hukunci. Ya ce feraye. Ya ce ya ba walda ido biyu, ba zai ƙara mata ko ɗaya daga gidansa ba. Ya ce mai feraye a inuwa yake tsayawa, da awo yake aiki, yana tsufa da ganinsa.

Shi kuwa yaron, ai kai ka raɗa masa sunan, tun yana rarrafe yake bin tartsatsin wuta a ƙofar shago yana son kamawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya same ni a kicin ina wanke-wanke ya zayyana min komai. Ya ce a ɗakin feraye injuna biyu ne, ɗaya ya mutu tun bara an lulluɓe shi da buhu, ɗalibai kuma sun fi talatin, a mako biyun nan sau ɗaya hannunsa ya taɓa injin, shi ma malamin na riƙe da hannun. Ya ce ko ya gama, wa zai saya masa irin wannan inji, alhali ga na walda na Babansa yana tsatsa a shago? Ya ce ranar da aka gwada su a walda, malamin ya ɗaga ƙarfensa ya zagaya da shi yana nuna wa 'yan shekara ta biyu, ya tambaye shi ɗan wane ne. Duk wannan na saurara. Sai ya ƙara da cewa ai ba walda ce ta makantar da Baba ba, ƙin sa garkuwa ne. Yaya, ban san sanda na watsa masa ruwan kumfa ba. Na ce kada in sake jin wannan magana a bakinsa. Abin haushin, maganar da na yi shekara da shekaru ina faɗa ce, a bakina ya koye ta.

Ranar sa hannu da hantsi ne, Maigidan na zaune a baranda kan kujerar ƙarfen nan da ya ƙera da kansa. Yaron ya durƙusa da takarda a kan gwiwa. Uban ya ce ya sa alama a gidan feraye. Na ji ƙarar biro, na leƙa. A gidan walda ya sa. Bai ɓoye min ba, ɗago kai ma ya yi ya dube ni, idonsa cike da ƙwalla. Sai Maigidan ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina ya ce in duba masa, feraye ɗin ya cika? Na ce e. Ban yi jinkiri ba, wannan shi ya fi damuna, ko in'ina ban yi ba. Na kama yatsansa na ɗora a kan layi, ya sa hannu, ya shafa kan yaron ya sa masa albarka.

Kada ka ce ban yi tunani ba. Na yi. Na ga yaron da zai shekara biyu yana leƙen inji ta bayan kafaɗar wasu, ya fito ba sana'a, ya koma zaman bakin titi kamar 'ya'yan maƙwabta. Na ga shagon da ke rufe da gidan da ke buƙatar mai ɗauka. Na ce a raina in ya fara kawo abin hannunsa zan faɗa, lokacin zuciya ta yi sanyi. Dabara ce irin ta wadda take ganin ta fi kowa wayo, ka kuwa san halina tun muna yara.

Mako shida muka yi a haka. Yaron yana barin kayan aikinsa a cibiyar, ya yi wanka a can ya canza riga, don Babansa zai gane warin sandar walda ko a cikin kasuwa ne. Da yamma uban ya zaunar da shi ya ce ya ba shi labarin injin feraye, shi kuma ya kwaso abin da ya ji daga wani abokinsa da ke can ya juye masa. Maigidan yana gyaɗa kai yana jin daɗi, har yana gaya wa tela maƙwabcinmu cewa ɗansa zai zama mai aikin awo. Ni ina gefe ina tsintar shinkafa, kowace kalma kamar ana ɗiga min dalma.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar Asabar ta wancan makon ya ce yaron ya raka shi wurin wanzami. Da ya miƙe, maimakon ya dafa kafaɗarsa yadda ya saba, sai hannunsa ya sauka a wuyan hannun yaron na hagu, daidai inda safar hannu ke ƙarewa hannun riga bai kai ba. Nan tartsatsi ke faɗa wa kowane mai walda. Na ga babban yatsansa ya tsaya, ya koma baya, ya sake bin ƙananan tabon nan ɗaya bayan ɗaya. Irin su ne a nasa hannun, sun fi ɗari. Sai ya mayar da hannunsa kafaɗar yaron. Suka je aka yi askin suka dawo.

Da suka shigo ya ce yaron ya jawo akwatin ƙarƙashin gado. Da hannunsa ya lalubo garkuwarka, tana nan cikin ledarta, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya kafa wa yaron a ka, ya ɗaure masa maɗaurin yana gwadawa ko ta yi sako-sako. Ya ce masa ɗigon farko shi ke cin ido, wanda mutum ke cewa ai ɗan kaɗan ne. Ya ce duk ranar da ya ɗana wuta da ido tsirara, ko na ƙiftawa ɗaya ne, bai yafe ba. Sannan ya ciro makullin shago daga aljihu, ashe kullum yana ɗauke da shi, ya danƙa masa, ya ce a duba wayar injin kafin a kunna, ɓera ya taɓa cin ta. Yaron yana kuka a cikin garkuwar yana ba da haƙuri. Uban ya ce ya tashi, ɗa ya yi abin da ɗa kan yi, shi ma haka ya yi wa nasa uban.

Na tsaya ina jiran nawa rabon. Wallahi da ya zage ni, da ya ce in tafi gidanmu, da na ji sauƙi. Sai ya koma kujerarsa ya zauna. Da na gaji na durƙusa na faɗi duk abin da ya faru, na ce an ce har ƙarshen wata ana iya canza fanni, in yana so gobe in je da kaina. Ya ce a bar shi, ai ya riga ya sa hannu. Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe. Da muryarsa ta kullum ya faɗa, ba fushi a ciki.

Amma Yaya, yau kwana goma sha ɗaya bai ce min duba min ba. Maganinsa tela yake kai wa ya karanta masa, yana lalube da sanda har can. In an yi sallama sai ya tambayi ƙaramar 'yar ko wane ne. Yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, yana yi min sannu da aiki. Jiya da safe zai fita na ga ya sa riga a bai-bai, na ce masa Malam rigar a juye take. Sai ya tsaya, ya kai hannu kafaɗa, ya shafa ɗinkin da yatsa ya tabbatar, sannan ya cire. Na shiga kicin na yi kukan da ban yi ba ko ranar da likita ya ce idon ba zai dawo ba.

Ba na roƙonka ka ba shi haƙuri a madadina, ya riga ya ce ya yafe, kuma na san ba ƙarya yake ba. Abu biyu nake so. Ka kira yaron ka ja masa kunne a kan garkuwar nan, yana jin maganarka, domin in wani abu ya sami idonsa ni na jawo, ba ni da wanda zan ɗora wa. Sannan ka riƙa kiran abokinka Maigidan kuna hira kamar da, ya samu wanda in ya faɗa masa abu ba sai ya shafa ba.

Ka gaishe min da uwargida da kyau, ka ce ina nan ina cin albarkacin zanen da ta aiko. Ka shafa min kan 'yan biyu, da Auta sarkin rigima. In ka je wurin Goggo ka ce Inna na tambayarta. Tartsatsi da ƙannensa suna gaishe da Kawunsu. Ka sa mu a addu'a.

A baranda nake rubuta wannan, yana zaune a kujerarsa taku uku daga inda nake. Na san yana jin ƙarar biro tun shafin farko. Da can da tuni ya ce wa ake rubuta wa, me aka ce, karanta min in ji. Ga shi na kai ƙarshe bai tambaya ba.

Wassalam.

Ƙanwarka,
wadda kake kira Uwar Tsiwa