Murhun Mahaifiyarki

Kalinki, bakin kogin Tanew, Yuni 1947

Zuwa ga Leokadia, sanyin idona, zumar farkon bazara, wadda nake ƙauna ko ina fushi da ita. Yau kuwa fushi nake.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce gwamnati ta ba ku gidan bulo can yamma, har da famfo a ciki, wai in bar "tarin tokar nan" in biyo ki. Tarin toka, Leokadia? Kalinki ne tarin toka? Ƙauyen da kogi ya rungume ta gabas, daji ya tsare masa baya, inda aka yanke miki cibiya?

Ashe kin manta safiyar da sojojin Jamus suka cinna wa gidajenmu arba'in wuta, don mun ba mayaƙanmu da ke ɓoye a daji burodi? Mun ɓuya kwance cikin gonar hatsi, hannunki a cikin nawa. Da muka fito, ba abin da ke tsaye sai murhunan bulo da bututun hayaƙinsu. Kika dafa na mahaifiyarki, da sauran zafinsa, kika ce muddin yana tsaye kina da gida. Ke kika faɗa, ba ni ba.

Kin san abin da muka ɗora wa kanmu tun daga nan. Duk shekara, ranar da aka ƙone mu, kowane gida zai hura wuta a tsohon murhunsa. Wanda bai yi hayaƙi ba ya mutu ke nan, a kwashe bulonsa a gina makaranta. Bara ni na hura naku. Bana tsoho Walenty, dagacinmu, ya tare ni a bakin rijiya ya ce, "Kai Ignacy, a matsayin wa? Kai ba ɗa ba, ba suruki ba. In 'yar gidan ba ta zo ba, amalanke zan turo." Mata suka kwashe da dariya, na ɗauki bokitina na wuce, don gaskiya ya faɗa, kuma ke kika ja mini.

Ranar ashirin da huɗu ga wata ce, masoyiyata. Na tayar da bango huɗu kewaye da murhun, na faskara itace, na ajiye ashana a kansa, kuma ba zan taɓa ta ba. Ki zo ki kyasta da hannunki. In ba ki zo ba, ina tsaye za su ɗebe bulonsa ɗaya bayan ɗaya, kuma ko a lokacin ba zan daina son ki ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Naki har a rufe ni a ƙasar nan da kika kira toka,
Ignacy