Mangwaron Ƙofar Gida

Zuwa ga Baban Gudiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma tarin nan da ƙurar masaƙar Ludhiana ta sa maka ya lafa. Mu nan lafiya lau. Inna na sa maka albarka. Gudiya ta yi giɓi, sai rufe baki take in za ta yi dariya.

Akwai magana. Yayanka Baidyanath ya sayo tarakta, ya ce mangwaron ƙofar gida ya tare masa hanya, har ya kira masu zarto. Mangwaron da marigayi Baba ya dasa ranar haihuwarka! Inna ta yi kuka, Yaya ya ce, "Haba Inna, inuwa ake ci?" Ni kuwa ka sani, matar ƙane ba ta ɗaga lulluɓi gaban wan miji, balle ta yi masa musu.

Sai na yi abin da hannuna ya iya. Na shafe gindin bishiyar da farar ƙasa, na jiƙa gangamau, na kankaro baƙin fitila, na naɗa auduga a tsinken gora. Na zana Uwa Durga, abar bautarmu, bisa zakinta, na kewaye ta da kifaye da furen bado kamar yadda muke yi a bangon ɗakin amarya. Ka san wa ta riƙe mini kwano? Yaya Kausalya, matar shi Yayan naka! Cewa take, "Ƙara girman idanun, yarinya, ya hango su tun daga kan taraktar."

Gobe masu zarton za su zo.

Taka,
Phulmati

Zuwa ga Baban Gudiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya zafi? Kana cin abinci kan lokaci kuwa?

Sun zo. Babbansu na ganin zanen ya tuɓe takalmi, ya haɗa tafuka, ya ce, "Maigida, nemi wani. Ni ina da 'ya'ya." Yaya ya shigo tsakar gida yana huci, yana tambayar aikin wa ne. Ni ina laɓe bayan ƙyaure. Sai Inna ta miƙa masa hannunta, yatsun duk gangamau. Ashe da safe ta tsoma su a kwanon. Ta ce, "Ga shi, sare."

Yanzu ta bayan gida yake shiga da taraktar, har ya kwashe kusurwar garken shanu. Ya daina cin girkina. Wannan kam yana damuna, don ba mugu ba ne.

Taka,
Phulmati

Zuwa ga Baban Gudiya,

Ina gaishe ka, ina kewarka. Wasiƙarka ta iso, na ji daɗi da ba ka yi fushi ba.

Damina ta sauka, mun gama dashen shinkafa. Ruwa ya wanke zanen tas, sai wutsiyar zaki ta rage. Na ce shi ke nan, zarto zai dawo, duk da matan unguwa sun saba ajiye furanni a wurin.

Shekaranjiya Yaya ya dawo daga kasuwar Madhubani da gwangwanayen fentin mai, wanda ruwa ba ya ci. Ya dire su a tsakar gida, ya juya wa ɗakina baya, ya ce da bango, "A gaya wa wata, mutane na zuwa gaisuwa, Uwa kuma ba ido ba hanci. Abin kunya ne ga gidan nan."

Yaya Kausalya ta ce, "Bango ya ji, ranka ya daɗe."

Na leƙa gwangwanayen, na aiki Gudiya ta gaya masa babu shuɗi. Ya yi tsaki, ya ce wai mata ba sa godiya, ya hau kekensa cikin yayyafi ya koma kasuwa. Da ya dawo ya ci shinkafata da kifi, har ya nemi ƙari.

Ina jiran rana ta fito in fara. Ka zo bikin Chhath ka gani da idonka. Ubangiji ya tsare mana kai.

Taka har kullum,
Phulmati