Buzun Baba ya tsira daga wuta

Daga ƙaninka Bawa a Gusau zuwa ga Yaya Isa a Gwanja. Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa. Yaya iyali, yaya jikin Yaya Hadiza, yaya sha'anin goro? Mu nan lafiya lau, in ka cire susa.

Kuɗin cizo ne ya mamaye ɗakin da muka kama kusa da kasuwa. Mun ƙone gadon kara, mun sake yaɓen bango, mun turara barkono har maƙwabta suka fito suna atishawa suna tsine mini. Bai ƙare ba. Ashe gidansa buzun marigayi Baba ne, wanda ka bar mini amana.

Matata Hauwa ta ɗago shi da sanda ta nufi murhu. Na ce, "Haba Hauwa, ba ni kwana biyu." Ta ce, "Biyu rak. Daga nan ko ni ko fatar nan!"

Wata mai tallan nono daga Bungudu ta ce in shimfiɗa shi bakin ramin tururuwa. Na kai shi bayan gari da hantsi, na zauna gadi. Kafin la'asar sun bi gashin kaf, sun kwashe har ƙwai. Na ce wa Hauwa dabarata ce, kada ka tona ni. Da hannunta ta shimfiɗa mini shi. Yaya, inda goshin Baba ya cinye gashin yana nan yadda ka san shi.

Ka yi masa Fatiha, ka sa mu a addu'a. Gai da Yaya Hadiza da yara. Wassalam.