Wayar da Aka Ja Tsakaninmu da Serlung

Litinin, 8 ga Yuni, 1998

Mutanen gwamnati sun zo da turakun ƙarfe na kafa wayar shinge. Mota ta kawo su gindin dutsen Karpo, daga nan aka labta wa shanu. Shanuna kuma, ba wanda ya tambaye ni. Wanda ke gaba da taswira a hammata ƙanina ne, Wangdrak. Ni na goya shi bayan rasuwar Inna. Yau ga shi da takalmi mai ƙyalli, ma'aikacin gunduma, yana nuna wa baƙi inda ƙasarmu ta ƙare.

Wai gundumomi biyu sun zauna a birni sun raba dutsen: gangaren arewa namu, na kudu na mutanen Serlung. Rafin, da kwarin da muke fakewa in iska ta taso, duk sun faɗa kudu.

Alhamis, 11 ga Yuni

Na tambaye shi ko wanda ya ja layin ya taɓa yin hunturu a nan. Ya ce, "Yaya Drukmo, ba ni na ja ba, aiko ni aka yi." Ya ce wayar za ta kashe rigimar da ta ci kakanmu.

Wace rigima? Ta mutu tun kafin a haife shi. A zamanin sarakunan kwari, bayan 'yan Serlung sun harbe Kaka a bakin rafin, babban lama, shugaban addininmu, ya tara ɓangarorin biyu a mashigar dutse aka rantse: ciyawa kowa da tasa, ruwa na kowa, ranar da ƙanƙara ta sauko kuma ba mai tare wa wani hanya. Sarakunan suka shuɗe. Sojoji suka zo. Aka tattara dabbobinmu wuri ɗaya aka ce na jama'a ne, daga baya aka sake raba mana. Rantsuwar tana nan. Ba ma gaisawa da su, ba ma auratayya, amma tana nan.

Na dama masa garin sha'ir. Man da na sa kaɗan ne, kuma ya lura.

Asabar, 4 ga Yuli

Sun bi da wayar ta tsakiyar tarin duwatsun addu'a, inda muke ɗaure tutoci. Rabin tutocin a gundumarmu, rabi a wata.

Talata, 1 ga Satumba

Ruwa yanzu sai an yi dogon zagaye. Maruƙa sun rame. Gonpo na Serlung, jikan wanda ya harbe Kaka, ya tsaya da dokinsa a ƙetaren waya yana ƙare wa garkena kallo. Ya ce, "Tsohuwa, waɗannan shanu ne ko sandunan tanti?" Na ce nasa ma ƙibar ruwan sata ce. Ya yi ta dariya. Shi da dokin haƙoransu iri ɗaya.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Hannuna bai gama dawowa ba, da ƙyar nake riƙe alƙalami.

Jiya da hantsi sama ta rufe. Ƙanƙara ta sauko tun lokacinta bai yi ba, iska daga arewa. Shanu suka juya mata baya suka nufi kwarin kudu, yadda iyayensu suka saba. Su ba su ga taswira ba. Suka je suka haɗu da waya. Na baya suna tura na gaba, na gaba suna durƙushewa, ƙanƙara na rufe su ina kallo. Na ja wayar da hannu har tafina ya tsage. Na zagi gunduma, na zagi Wangdrak, na zagi wanda ya ƙera ƙarfen.

Sai ga mutum ta can ɓangaren, fuska naɗe. Ya sa filaya ya datse layukan ɗaya bayan ɗaya. Garken ya kwarara ƙasa. Da ya sauke mayafin na ga Gonpo ne. Ya ce, "Kora su, ke kuma kin tsaya kallona."

Waɗanda suka riga suka faɗi ba su tashi ba. Har da Baƙa, saniyar da kakarta ta zo gidan nan tare da Inna.

Juma'a, 16 ga Oktoba

Ungulaye tun safe.

Litinin, 19 ga Oktoba

Wangdrak ya zo da ɗan sanda. Ba gawarwakin suka zo gani ba, waya suka zo gani. Wai kayan gwamnati ne, wanda ya yanka ɗauri zai sha. Ɗan sandan ya tambaye ni wa na gani. Na ce na ga ƙanƙara, in yana so ya kama ta, ga ta can kwance.

Wangdrak ya ɗauki bakin wayar ya duba. Yankan filaya ko makaho ya shafa zai gane. Ya daɗe yana juya ta. Sannan idonsa ya kai kan Baƙa. Nononta yake sha duk hutun makaranta yana yaro. Ya ce wa ɗan sandan nauyin dabbobi ne ya tsinke ta.

Kada ya ɗauka ya wanke kansa. Da bazara za su dawo su ɗaure ta, shi da kansa ya faɗa. Ya dai cire rigar ofis ya taya ni fiɗa har yamma. Ya manta yadda ake riƙe wuƙa.

Lahadi, 1 ga Nuwamba

Na sauka Serlung. Maraƙi ɗaya ya maƙale a garkensu, shi kaɗai ya kai ni. Na so in tsaya daga waje, matar Gonpo, Yangdzom, ta ce karnuka za su cinye ni, dole na shiga. Tun bayan Kaka babu ɗan gidanmu da ya zauna gaban murhunsu. Murhu ne dai kamar na kowa.

Shayinta gishiri ya yi yawa, man shanun da ta sa a ciki kuma na bara ne. Gonpo ya ce in bazara ta yi filayarsa tana nan. 

Yangdzom ta ce za su kafa saƙar sabon tanti, hannu bai ishe su ba. Ban ce zan je ba. Na dai tambaye ta ranar.