Bidiyon Nasrin da Kika Yaɗa

Villeurbanne, 9 ga Maris

Latifa ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, yaya Illo da yara? Ni lafiya lau, abinci ne kawai ya ƙi shiga.

Kin tuna bidiyon maƙwabciyata Nasrin tana waƙa a ɗakina? Na tura miki, na ce ke kaɗai. Kika watsa shi a intanet, har kina yi mini albishir mutum dubu arba'in sun kalla. Sannu da aiki! Cikinsu har da masu mulkin garinsu, Herat. Duk littattafan da na karanta, ban ga inda azzalumai suka samu ɗan rahoto kyauta kamarki ba.

Shekara ashirin matar nan tana cika zaurukan Afghanistan. Tun da ta gudo, ko a Paris sai ta rufe fuska take waƙa, don danginta suna can. A ɗakina kaɗai ta buɗe. Ran Talata aka kama ƙanenta.

Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Jiya ta kawo mini akwatin kiɗanta, ta ce, “Yaya, ajiye wannan, na gama.”

Ki goge bidiyon yau. Na san ni na ɗauka, ba sai kin tuna mini ba. Inna ta sa ƙanen Nasrin a addu'a. Sunansa Farhad.

Yayarki,
Mardiya