Idanu Huɗu a Gaban Motar Baba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma na san halina, idan na tsaya doguwar gaisuwa zan karaya in haɗiye ta. Don haka bari in fara sauke ta: ni ce na jawo fashewar bambar motar Baba. Ba laifin idonsa ba ne. To, na faɗa, yanzu sai in gaishe ki a nutse. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fama da aikin asibiti. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa waraka a hannunki. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har ta koma hawa bene yin shanya. Goggo ta zo ta yi mana kwana biyar, ta gyara wa kowa zama, ta tafi. Na zaɓi takarda ne saboda a waya, da kin ce kina ji na, sai muryata ta gudu ta bar ni.

Kin san garejinmu da matsinsa, kin kuma san dakalin simintin nan da ke kare famfo a ƙuryarsa, wanda bai wuce gwiwa ba. Wanda ke zaune a sitiyari ba ya ganinsa ko kaɗan. Tun da kika tafi, aikinki ya dawo kaina: in Baba ya yi hon in fito in tsaya a gefe, ina kiransa da hannu, in ya rage taki ɗaya in ɗaga hannu ya tsaya. Shekara uku ina yi ban taɓa kuskure ba. Ranar da abin ya faru, da la'asar, ina tsakiyar wani littafi. Yarinyar cikin labarin ta yi shafi ɗari biyu tana jiran masoyinta, ga shi ya sauko daga mota a tasha, ya tsaya gabanta, ya buɗe baki zai yi magana. Daidai nan Baba ya yi hon. Na fito da littafin a ƙarƙashin mayafi, yatsana a cikin shafin. Na ce layi ɗaya kawai zan leƙa. Idona ya shige littafi, hannuna kuwa ya ci gaba da cewa Baba ya taho. Sai ji na yi ƙaras. Bamba ta tsage, ƙaramar fitilar ƙasa ta fito tana lilo.

Umma ta fito da gudu tana tambayar abin da ya faru. Kafin in tattara bakina Baba ya ce shi ne bai ga lokacin da na ɗaga hannu ba. Ni kuwa na ƙara cusa littafin cikin mayafi, na bar laifin a kansa. Sauran kin san shi, tunda ke Umma ta kira. Kika tambayi rabonsa da canza tabarau, kika ce yau dakali ne, gobe ba a san ko wane ne ba, kika yanke cewa ƙarshen wata ya ajiye makulli Kawu ya samo direba. Ban ga laifinki ba, da abin da aka faɗa miki kika yi aiki. Amma ba ki ga Baba bayan wayar nan ba. Bai yi musu ba, ya ce yarinyar nan ta fi shi sanin lafiya. Washegari da safe na leƙa gareji na same shi zaune cikin motar, bai tayar da ita ba, hannunsa biyu a kan sitiyari, yana kallon bango. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa kansa, wanda ko wankin motar ba ya bar wa kowa. Ranar ko shafi ɗaya ban iya karantawa ba.

Dabarar ta zo min ne a motar maman ƙawata. Ta rage mana hanya daga makaranta, tana yin ribas sai na ji wani abu yana ƙara, ɗit, ɗit. Ta ce sensa ce, ita ke gaya mata ta kusa taɓa abu. Na daure na tambaya ko ana sa irinta a gaba, ta ce ana sawa. Na karɓi wayar Umma na yi ta bincike, karo na farko a rayuwata da na karanta abu mai tsawo babu wanda ke son wani a ciki. Kwana huɗu ina juya yadda zan gaya wa Baba maganar sensar. Daga ƙarshe na rubuta a 'yar takarda na sa masa a gidan tabarau. Ranar Asabar da hantsi kawai ya ce in sa takalmina.

Mai gyaran jikin mota ya riga ya liƙe bambar ya yi mata fenti, don haka wajen mai gyaran wutar mota muka nufa, wani dattijo mai fensir a bayan kunne. Abin da ya fara tambaya shi ne tsawon abin da muke tsoro. Baba ya fara kwatance da hannu, ni kuwa na ce santimita arba'in da biyu, don da rular makaranta na auna. Dattijon ya dube ni ya ce ashe da injiniya aka zo. Ya ce in aka sa su ƙasa da yawa za su yi ta yi wa titi ihu, in aka ɗaga su kuma dakalin zai wuce ta ƙarƙashinsu. Ya auna daga ƙasa, ya manna tef, ya yi alama huɗu, biyu a kusurwa, biyu a tsakiya nesa da lambar motar. Da ya ɗauko injin huda, Baba ya kawar da kai kamar za a yi masa allura. Abubuwan ƙanana ne, kamar maɓallin kwat, an fesa musu launin motar, kowane da 'yar alamar da dole ta kalli sama. Ya ja wayoyinsu zuwa wani ɗan akwati, ya sa abin ƙarar kusa da sitiyari. Ya kuma sa maɓallin kunnawa, ya ce na baya ribas ke tashinsu, amma na gaba in aka bar su a kunne, a cunkoso kowane babur sai sun kai ƙararsa. Ya ja mana kunne cewa a riƙa goge musu laka, siririn ƙarfe kan iya ɓace musu, kuma ba sa taka wa kowa birki.

Ni aka ba bokiti in riƙa matsowa gaban motar don gwaji. Daga nesa ƙarar tana tafiya a hankali, ina matsowa tana sauri, da ya rage kamar kamu ɗaya sai ta miƙe ba tsayawa. Muna cikin haka dattijon ya tambayi Baba wa ke duba masa gaba a da. Baba, ko kallona bai yi ba, ya ce ai yana da tsohuwar sensa mai kyau, matsalarta ɗaya, tana son karatu, in labari ya yi daɗi sai ta yi ta cewa a taho. Yaya, saura kaɗan bokitin ya faɗi. Ashe ya gani. A hanyar gida na tambaye shi da kuka me ya sa ya rufa min. Ya ce ya ga littafin, ya ga fuskata ina murmushi ni kaɗai, shi ma ya shagala da kallona. Ya ce ya san Umma ta rantse ranar da littattafan nan suka jawo ɓarna za ta kwashe su, kuma faɗa ya fi sauƙi a kan tsoho. Ya ce kada in gaya wa kowa. Wannan ne karo na farko da zan saɓa masa, kuma ban ji ɗar ba.

Yau kwana goma sha biyu Baba yana shiga gareji da kansa. Yana danna maɓalli, yana saurare, yana tsayawa cak. Ina fitowa har yanzu, amma hannuna a naɗe. Abin da nake roƙo shi ne ki janye maganar direba. In gwajin ido kike so, ya ce zai je don hankalinki ya kwanta, ni zan raka shi in karanto miki abin da likita ya rubuta. Umma kuma da bakina zan gaya mata. In ta kwashe littattafan ta kwashe. Wancan ma na ƙarasa shi, kin san abin da mutumin ya buɗe baki ya ce? Wai ta yi haƙuri ya makara. Wannan maganar ba ta kai bamba ba.

Ki gaishe min da maigidanki, da Sarkin Kuka, da 'Yar Lukuti, ki ce mata ina ajiye da ribon ɗinta. Umma da Baba suna sa muku albarka.

Wannan ƙarin yau na yi shi. Takardar nan ta kwana uku a cikin littafin, sau biyu ina ɗauko ta in yaga. Yanzu Kawu yana falo, jakarsa a bakin ƙofa, da yamma zai kama hanyar wajenku, kuma na ji yana gaya wa Umma ya samo direban. Baba ya ce shi zai kai shi tasha, ina jin ƙarar makulli a hannunsa. Zan ninke ta, in fita, in miƙa wa Kawu a gaban kowa.

Ƙanwarki,
Auta